Joey Dunlop, Sarkin Tseren Babur, Da Gidan Da Titi Ya Ci Mutum Uku

A watan Yunin 2024 wani ɗan tseren babur mai suna Michael Dunlop ya lashe tserensa na 27 a gasar TT ta tsibirin Man, ya karya tarihin da ya shekara 24 babu wanda ya taɓa shi. Wanda ya kafa tarihin kuwa baffansa ne, Joey Dunlop. Kafin wani ya tambaya a ƙasa, ba kamfanin taya nake nufi ba, suna ne ya zo ɗaya. Labarin baffan nake son kawo muku yau, don a ganina ba a fahimtar nasarar ɗan sai an san abin da gidan ya biya.

Bari mu fara da filin. Yawancin tseren babur da muke gani a talabijin, irin na su Valentino Rossi, ana yin sa ne a fili na musamman, mai yashi da tsakuwa a gefe, yadda in mutum ya faɗi zai yi ta sulɓewa har ya tsaya. Na tsibirin Man ba haka yake ba. Tsibiri ne ƙarami tsakanin Ingila da Ireland, kuma titin gari ne ake rufewa, wanda jiya motar madara ta bi. Zagaye ɗaya ya haura kilomita 60, kwana ta fi 200, ana ratsa ƙauyuka, a hau dutse, a gangaro. A gefenka katangar dutse ce, da turakun lantarki, da bishiyoyi, da ƙofofin gidajen mutane. Ba a tashi gaba ɗaya, ana sakin mahaya ne ɗaya bayan ɗaya da tazarar daƙiƙa 10, kowa da agogo yake tsere. A 2023 Peter Hickman ya yi zagaye ɗaya a matsakaicin gudun da ya kai kusan kilomita 219 a awa. Matsakaici fa, har da kwanoni. Ku ƙaddara Kano zuwa Kaduna cikin awa ɗaya da 'yan mintuna.

An fara gasar a 1907, kuma tun da aka koma hanyar dutse a 1911 mahaya sama da 260 sun mutu a kanta. Da can tana cikin jerin gasar duniya. Bayan mutuwar Gilberto Parlotti ɗan Italiya a 1972, abokinsa Giacomo Agostini, wanda shi ne zakaran zamanin, ya ce ya daina zuwa, wasu manya suka bi shi. Bayan gasar 1976 aka cire ta daga jerin. Wato tun daga lokacin duk wanda ya je, da ƙafarsa ya kai kansa.

A daidai wannan shekarar ta 1976, manya na guduwa, Joey ya fara zuwa.

An haife shi ranar 25 ga Fabrairun 1952 a yankin Ballymoney na Ireland ta Arewa, gidan talakawa ne. Ya fara tsere a 1969 da wani tsohon babur Triumph Tiger Cub. Shi da ƙanensa Jim da abokansu biyu, Mervyn Robinson da Frank Kennedy, su ne ake wa laƙabi da rundunar Armoy, sunan ƙauyensu. Da hannunsu suke gyaran baburansu, su loda a mota su tafi duk inda ake tsere. A 1977 ya ci tserensa na farko a tsibirin Man. Amma rundunar ba ta daɗe ba. Kennedy ya rasu sanadin haɗarin da ya yi a gasar North West 200 ta 1979, shekara ta zagayo Robinson ya mutu a gasar dai, shi kuma mijin 'yar'uwar Joey ne. Makonni kaɗan bayan jana'izar surukin nasa, Joey ya koma tsibirin Man ya ci babban tseren 1980 a kan Yamaha, da dabarar ƙara girman tankin mai don ya rage tsayawa shan mai. Daga nan kamfanin Honda ya ɗauke shi, kuma da su ya ƙare rayuwarsa.

Shekara biyar a jere, 1982 zuwa 1986, shi ne zakaran duniya na rukunin Formula TT na ɗaya. A 1985 jirgin ruwan kamun kifi da ya ɗauko shi da babura zuwa gasar ya daki dutse ya nutse a mashigin Strangford. An ceto mutanen, aka tsamo baburan daga baya, shi kuwa ya isa tsibirin ya ci tsere uku a makon. Ya sake cin uku a 1988. A 1993 ya wuce tarihin Mike Hailwood na nasara 14. A gida ma ya ci Ulster Grand Prix sau 24, North West 200 sau 13.

To me ya sa ya fi saura? Ni abin da na fahimta shi ne ba rashin tsoro ba ne, don marasa tsoro sun cika maƙabartu. Sanin hanya ne da sanin inji. Mutum ne da ya haddace titin nan kamar tafin hannunsa, ya san inda kwalta ke da tudu, ya san inda inuwar bishiya ke hana titi bushewa bayan ruwa. Tuƙinsa a natse yake, babu fizge-fizge, har mai kallo ya ɗauka ba gudu yake ba sai an duba agogo. Kuma ko da ya zama ɗan gatan Honda, bai daina sa hannu cikin baƙin mai ba. Hular kwano ruwan ɗorawa, lamba 3, magana kaɗan. 'Yan jarida sun sha wahala da shi, ga kunya, ga karin harshen ƙauyensu da ko Turawan Ingila sai sun kasa kunne. Ku tuna kuma zamanin rikicin Katolika da Furotesta ne a Ireland ta Arewa, lokacin da kusan komai sai an tambayi na wane ɓangare ne. Shi kam kowane ɓangare nasa yake kiransa.

Akwai wani gefen nasa da ya fi burge ni fiye da kofunan. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a ƙarshen 1989, duniya ta ga halin da yara ke ciki a gidajen marayun ƙasar. Joey bai kafa gidauniya ba, bai kira taron manema labarai ba. Motar da yake ɗaukar babura ya cika da abinci da tufafi, ya tuƙa da kansa ya ratsa Turai ya kai. Ya yi irin wannan tafiya zuwa Bosniya da Albaniya ma. Lambar girma ta MBE da aka ba shi a 1986 ta tsere ce, amma OBE ta 1996 saboda wannan aikin ce. Mu da muka saba ganin buhun shinkafa ɗaya da masu ɗaukar hoto biyar, kun san abin da nake nufi.

Jiki kuma ya sha wuya. Haɗarin Brands Hatch na 1989 ya hana shi zuwa gasar shekarar. A 1998 ya sake kakkaryewa a Tandragee, har ya rasa wani ɓangare na yatsa, amma bayan 'yan makonni ya hau ya ci tseren 250cc. Zuwa 2000 yana da shekara 48, mutane da yawa sun ɗauka manyan babura sun fi ƙarfinsa, sai dai ƙanana. Honda ta kawo masa VTR1000, ya hau ya ci tseren Formula na ɗaya a gaban yaran da ya haifa, ya ƙara da na 250cc da na 125cc. Nasara 26 ke nan.

Wata guda bai cika ba ya loda babura a motarsa ya nufi Tallin, babban birnin Istoniya, wani ƙaramin tsere da ba kowa ya san da shi ba. Ya ci rukunin 600cc da na 750cc. Ranar 2 ga Yulin 2000, ana ruwa, yana kan gaba a tseren 125cc, babur ya ƙwace masa ya daki bishiya, nan take rai ya yi halinsa. Girman injin nan bai fi na baburan hayarmu da wani abin kirki ba, ko da yake na tsere gudunsa daban ne. Mutumin da ya shekara 24 yana fita lafiya daga titin da ya fi kowanne kisa, a can ajali ya same shi. Kimanin mutum dubu 50 ne suka halarci jana'izarsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ƙaddarar mutum ɗaya ce. Ƙanensa Robert, wanda ya ci TT sau biyar, ya yi mummunan haɗari a 1994 da tayar baya ta tarwatse, ya warke da naƙasa ya dawo. Ranar 15 ga Mayun 2008, wajen gwaji a North West 200, injinsa ya cije, ya faɗi ya mutu yana da shekara 47. Kwana biyu bayan haka ɗansa Michael, ɗan shekara 19, ya shiga layin tseren 250cc da uban ya yi shirin shiga, duk da masu gasar sun nemi hana shi, kuma ya ci. Ba a ma binne uban ba tukuna. A Yulin 2018 yayan Michael, William, ya mutu wajen gwaji a Skerries kusa da Dublin yana da shekara 32.

A nan ne nake rabuwa da masu yi wa abin kirari kawai. Hujjarsu ita ce baligai ne, titin a rufe yake, sun san haɗarin, ba su tilasta wa kowa ba. Gaskiya ne, kuma shi ya bambanta su da yaran da ke wasa da babur ranar ɗaurin aure a tsakiyar jama'a. Amma yaron da ya buɗe ido ya ga uba da baffa a kan babur, duk gari na kiran sunan gidansu, zaɓi nawa ya rage masa? Akwai kuma uwa a gidan nan da ta binne 'ya'ya biyu da jika. Ita ba a tambaye ta ba.

Michael dai bai sauka ba. Ya rufe 2024 da nasara 29, a 2025 ya ƙara huɗu, suka zama 33. A Ballymoney akwai lambun tunawa da mutum-mutumin Joey, kusa da shi akwai na Robert.