Rashawa: Asalin Kalmar da Tarihinta a Ƙasar Zamfara

Rashawa, wadda ake gwama ta da cin hanci a bakin jama'a, ita ce dukiyar da ake miƙa wa mai iko domin ya rushe gaskiya ko ya tsayar da ƙarya. Kalmar Larabci ce, ta shigo Hausa ta littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, a babin sharuɗɗan alƙalanci. Malaman lugga sun saɓa game da tushenta: waɗansu sun ce daga ɗan tsuntsu aka ɗauko ta, mai miƙa wuya ga uwarsa don ta ciyar da shi, amma Ibnul Asir ya danganta ta da igiyar guga, wadda da ita ake kaiwa ga ruwa.

Zamanin da kalmar ta fita daga zauren malamai ta shiga maganar mulki shi ne na Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya shafe wajen shekara 5 yana wa'azi a Zamfara kafin hijirarsa ta 1804. A cikin Kitabul Farƙi, da aka jingina masa, wanda masanin nan Hiskett ya buga a 1960, an lissafa al'adun sarakunan Hausa da sunayensu na gida, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwa, an kuma ambaci alƙalan da ke karkata hukunci ga wanda ya ba su. Muhimmancin wannan lissafi kuwa shi ne, abin da fadawa suke ɗauka ladabi ne, wato kada talaka ya je gaban sarki hannu rabbana, Shehu ya sanya shi a sahun zalunci, ya nuna cewa sauya wa haram suna ba ya halatta ta. Cutar ba ta ƙare da soma jihadi ba, domin a 1807 ƙanen Shehu, Abdullahi, ya bar jama'a saboda son duniyar da ya gani a cikinsu, ya tsaya Kano, inda ya wallafa Liya'ul Hukkami don shiryar da masu mulki.

A zamanin Turawa da na En'e sunayen saye suka yawaita, kamar toshiyar baki da na goro.

Bayan kafa Jihar Zamfara a 1996, gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta fara aiki da dokokin Shari'a a 2000, ta kuma kafa hukumar yaƙi da rashawa ta jiha, kafin gwamnatin tarayya ta kafa hukumar EFCC. Amma a Bukkuyum da Anka da Gummi, inda kalmar ta fi ciwo shi ne shari'ar manomi da makiyayi kan gona da burtali, domin masu bincike da dama sun lissafa kukan tatsar dukiya a wajen masu hukunci cikin dalilan da suka hura wutar ta'addancin daji. Wanda ya fid da tsammanin adalci a gaban alƙali, abin tsoro ne ya nemi haƙƙinsa da makami.