Daga Hanji Zuwa Hammata

Lokacin da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, in kwalbar jinin majinyaci ta tsiro da yis, amsar manyanmu ɗaya ce: daga cikinsa ya fito. Suna da hujja kuwa. Candida albicans tana zaune a hanjin mutane da yawa ba tare da ta cuce su ba. Sai an yi wa mutum tiyatar ciki, ko an daɗe ana ɗura masa magungunan kashe bakteriya, ko garkuwar jikinsa ta karye, sannan ta samu kafar shiga jini. Wannan bayani ya kwantar mana da hankali fiye da yadda ya kamata, don bai sa kowa ya duba hannunsa ba.

Jarirai bakwaini ne suka fara farkar da mu. A ɗakunansu an yi ta ganin Candida parapsilosis, wadda ke zama a hannun ma'aikata ta kuma manne wa robar da ake ciyar da jariri ta jijiya. A 1998 aka buga rahoton wani asibiti a jihar New Hampshire ta Amurka, inda jarirai 15 suka kamu da Malassezia pachydermatis, yis ɗin da aka fi sani a kunnen kare. Da aka bi sawu, sai aka tarar da irinsa a jikin karnukan wasu ma'aikatan, a gidajensu.

Sai Candida auris. An fara bayyana ta a Japan a 2009, daga kunnen wata tsohuwa. Tana jure maganin fluconazole, tana yin makonni a jikin gado da kayan aiki, na'urorinmu na lokacin kuma sukan ba ta sunan wata. Da aka karanta tsarin halittarta gaba ɗaya, sai aka ga ba daga wuri guda ta bazu ba: zuriyar Kudancin Asiya daban, ta Afirka ta Kudu daban, ta Benezuwela daban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Oxford a Ingila. Daga 2015 zuwa 2017, majinyata 70 suka ɗauke ta, kusan dukkansu sun bi ta sashen kulawa ta musamman na masu ciwon ƙwaƙwalwa. An wanke, an goge, an keɓe marasa lafiya, ba ta tsaya ba. Ashe tana maƙale a ma'aunin zafin jiki da ake sawa a hammata, wanda ake gogewa a kai wa na gaba. Sai da aka kwashe ma'aunan kaf sannan aka samu kanta.

Yanzu in kwalba ta tsiro, kafin in rubuta sakamako nakan kira nas in tambaye ta: yaushe aka sa wa majinyacin robar jijiya, kuma wa ya kwanta a gadon kafin shi?