Ruwan baftisma da zunubin mai bi: rigimar da ta tashi daga Lokoja a 1890

A shekarar 1890 jirgin ruwa ya sauke wasu samarin Turawan Ingila a Lokoja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Ba su jima ba suka tuɓe kwat, suka sa babbar riga, suka naɗa rawani, suka zauna koyon Hausa. Jagoransu, Graham Wilmot Brooke, shekararsa 25, kuma ba a ma naɗa shi limami ba. Tare da shi akwai Rabaran John Alfred Robinson da wani likita mai suna Harford-Battersby. Ƙungiyar mishan ta CMS ce ta aiko su, idonsu kuwa yana kan Kano da Sakkwato. Har alkawari suka ɗauka cewa in sun shiga ƙasar Musulmi ba za su nemi gwamnatin Ingila ta kare su ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taka Kano. Tun kafin su ɗaura kaya, sai suka juya kan Kiristocin da suka tarar a bakin kogin.

Waɗannan Kiristoci 'ya'yan aikin Bishop Samuel Ajayi Crowther ne. Shi Crowther Bayerabe ne da aka kama bawa yana yaro, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku a 1822, aka yi masa baftisma a Firitawun ta Saliyo a 1825. A 1857 ya buɗe aikin mishan a Onitsha, a 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko a Ikkilisiyar Angalika. Ya san fadar Etsu Masaba na Nupe, ya san yadda ake zama da sarakuna, ya san cewa itace ba ya yin 'ya'ya ranar da aka dasa shi. Lokacin da samarin nan suka iso ya haura shekara 80.

Abin da suka gani bai yi musu daɗi ba, kuma adalci ya sa a faɗa cewa ba duka ƙage ba ne. Akwai ma'aikatan mishan da kasuwanci ya ɗauke wa hankali, akwai masu shan barasa, akwai maganar mata. Wasu shekaru kafin nan, wasu mutum biyu masu alaƙa da mishan sun yi wa wata yarinya dukan da ya zama ajalinta a Onitsha, har kotu ta ɗaure su. Amma Brooke da abokansa ba su tsaya kan masu laifi ba. Suka ce mutumin da aka yi wa baftisma, in har yana faɗuwa cikin zunubi, ruwa kawai ya taɓa jikinsa, bai tuba ba. Da wannan mudu suka auna jama'ar Lokoja, suka hana da yawa cin jibin Ubangiji, aka rufe makarantar horar da ma'aikata da ke garin.

Mai karatu zai iya ɗauka rigimar Turawa da baƙar fata ce kawai. Akwai wannan, ba shakka. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashinta ta girme su duka da shekara dubu da ɗari biyar, kuma a ƙasar Afirka aka fi dafa ta.

A Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, wajen shekara ta 200, malamin nan Tertullian ya ba da shawara a jinkirta wa yara da marasa aure baftisma. Dalilinsa tsoro ne: baftisma wanka ce sau ɗaya, wanda ya ɓata bayanta da wuya ya sami mafita. Wannan tsoro ya yi tasiri har manyan mutane suka riƙa ajiye baftisma sai sun ga kabari. Sarki Konstantin, wanda ya ba Kiristoci 'yancin addini a daular Rum, sai a gadon mutuwarsa a 337 aka yi masa. Bayan tsanantawar da aka fara a 303, lokacin da wasu limamai suka miƙa littattafai masu tsarki don su tsira da ransu, ikkilisiyar arewacin Afirka ta rabe biyu. Mabiyan Donatus suka ce limamin da ya ci amana hannunsa ya ƙazantu, baftismarsa ba ta yi ba, dole a sake. Sun so ikkilisiya ta zama taron tsarkaka zalla. Rabuwar ta wuce shekara ɗari. A taron da aka yi a Kartaj a 411 bishop fiye da 500 ne suka zauna, kusan rabi da rabi.

Wanda ya tsaya musu a gaba shi ne Agustin, ɗan garin Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya a yau. Mutum ne da ya san kokawa da jiki ba a littafi ba. Shi da kansa ya rubuta yadda ya yi shekaru yana zaune da mace ba aure, yana son ya bari yana kasawa, har Bishop Ambrose ya yi masa baftisma a Milan a 387. Hujjarsa ga 'yan Donatus ita ce, baftisma ta Almasihu ce ba ta limami ba, kamar yadda ruwa mai kyau ke bi ta tsohon bututu ya isa gona. Ikkilisiya kuwa gona ce da hatsi da ciyawa suke tashi tare, mai gonar ne zai raba su ranar girbi. Daga baya wani malami ɗan Birtaniya, Pelagius, ya zo da tasa: tun da Allah ya umarci mutum ya zama mai tsarki, to lalle yana da ikon yi, wanda ya kasa ganganci ya yi. Agustin ya amsa cewa baftisma tana share alhakin zunubi, amma sha'awar da ke jan mutum tana nan, za a yi ta fama da ita har numfashin ƙarshe, kuma sai da alherin Allah ake cin nasara. Majalisar Kartaj ta 418 ta bi bayansa.

Duk wannan muhawara tana zagaya sura ta 7 ta wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, inda ya kwatanta mutum mai son aikata nagarta amma yana tsintar kansa cikin abin da ya ƙi. Wane ne wannan mutum, wanda bai tuba ba ne ko mai bi? Agustin da fari ya ce wanda bai tuba ba ne. Da ya tsufa, bayan shekaru yana sauraron damuwar jama'arsa a garin Hippo, inda yake bishop, ya sauya ra'ayi, ya ce mai bi ne, har da Bulus kansa. A ganina wannan sauyi ya fi littattafansa da yawa nauyi, domin kiwon mutane ne ya koya masa.

Turai ta gaji maganar. Luther ya ce mai bi baratacce ne kuma mai zunubi a lokaci guda. Majalisar Katolika ta Trent a 1546 ta ce sha'awar da ta rage bayan baftisma ba zunubi ba ce sai an bi ta. A Zurich a 1525 wasu suka ƙi baftismar jarirai suka sake yi wa junansu, bayan shekara biyu aka nutsar da ɗayansu, Felix Manz, a kogin Limmat. John Wesley ya koyar da cewa mai bi zai iya kai wa ga cikakkiyar ƙauna tun a duniya. Daga wannan jijiya aka sami taron Keswick da aka fara a arewacin Ingila a 1875, inda ake koya wa matasa cewa wanda ya miƙa kansa ɗungum ga Ruhu Mai Tsarki zai rinjayi duk zunubin da ya sani. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa taron shi ne Canon Harford-Battersby, mahaifin likitan nan na Lokoja. Da wannan wuta a ƙirji samarin suka sauko bakin Kwara.

A watan Agusta na 1890 aka yi zaman kwamitin mishan a Onitsha. Sakataren kwamitin, F. N. Eden, ya dakatar da limamai baƙar fata a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa na cikinsa, Akdikon Dandeson Crowther. Tsohon ya ajiye kujerar kwamitin. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891. Su ma masu zarginsa ba su yi tsawon rai ba: Robinson ya rasu a Lokoja a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. Ba na shakkar gaskiyar zuciyarsu, mutanen da suka ba da ransu ne. Amma laifi tudu ne. Sun hango giya da mata a gidan malamin Lokoja, ba su ga girman kai da rainin launin fata da suka tsaya a kai ba, alhali a koyarwar da suka zo da ita waɗannan ma zunubi ne. Abin alherin da ya biyo baya shi ne, don tunawa da Robinson aka kafa ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson har Kano a 1894, ya koma ya rubuta ƙamus na Hausa.

Da aikin ya iso ƙasar Hausa sosai, tambayar ta sake riga. A 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell bayan 'yan kwanaki. Ɗaya daga cikinsu, Likita Walter Miller, ya zauna a birnin Zariya daga 1905. A 1913 ya haɗu da Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda yadda ya ɗaukaka Annabi Isa. Aka kafa musu gari a Gimi, ciwon barci ya watsa shi, waɗanda suka rage suka ƙarasa a Wusasa, inda mishan ta koma a 1929. Majami'ar St Bartholomew da aka gina da ƙasa a can, da bakan gizo irin na soron Hausa, tana nan tsaye. Daga wannan ƙaramar jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko da Farfesa Ishaya Audu, a nan kuma Yakubu Gowon ya tashi.

A nan, da ƙauyukan Maguzawa, da tsaunukan Filato, babbar ƙofar da ta tsare mutane ita ce auren mace fiye da ɗaya. Taron bishop-bishop na Angalika a Lambeth a 1888 ya yanke cewa ba za a yi wa mai mata da yawa baftisma ba, sai dai ya zauna a ajin masu koyo, ko da yake ana iya yi wa matansa a wasu wurare. Crowther kansa yana kan wannan ra'ayi. Sauran ƙungiyoyin mishan galibi suka bi sahu. Ka duba abin da wannan ke nufi a gidan manomi mai gandu. Ya auri matansa biyu bisa al'ada, an biya sadaki, an haifi 'ya'ya, tun bai taɓa jin wa'azi ba. Yanzu an ce ya zaɓi ɗaya. In ya ƙi, zai tsufa a bayan majami'a, yana ba da baiko, yana aikin gini, ba ya taɓa gurasar jibi. In ya yarda, wata baiwar Allah ce za ta ɗaura kwallayenta da tabarmarta ta koma gidan ubanta, sau da yawa ba tare da 'ya'yanta ba. An wanke miji da hawayen matar da ba ta yi laifin komai ba. A Legas wannan magana tana cikin abubuwan da suka haifar da ikkilisiyoyi masu zaman kansu a 1891 da 1917.

Hatta yadda ake taɓa ruwan kowace mishan da nata. SIM, wadda ta haifi ECWA a 1954, sai babba ya furta bangaskiyarsa ake nutsar da shi. 'Yan Brethren da suka sauka Garkida a 1923, iyayen EYN, sau uku suke nutsarwa, fuska gaba. Lutheran 'yan Denmak na Numan, tun 1913, da Katolika da suka fara a Shendam a 1907, da Angalika, suna yi wa jarirai. Galibinsu kuwa da Hausa suke wa'azi, daga baya suka haɗu a kan Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Har yau in yarinya ta yi aure daga wannan ɗarika zuwa waccan, dattawa kan zauna a kan ko a sake yi mata baftisma, tambayar da aka yi a Kartaj.

Wanda ya taɓa halartar baftisma a bakin rafi da kaka ya san daɗinta: fasto tsaye cikin ruwa har ƙugu, masu jiran layi cikin fararen kaya suna rawar sanyi, 'yan zumuntar mata a gaɓa suna buga tulu suna guɗa duk lokacin da kai ya ɓullo. Ya kuma san abin da kan biyo baya. Wata Lahadi a tsakiyar sujada za a karanta suna, a ce wance tana ƙarƙashin horo, ta koma bencin baya wata shida. Kusan kullum zunubin da ido ke gani ne, cikin da ya fito ko amaryar da aka ƙaro. Mai danne gonar marayu da mai cin kuɗin ma'aikata suna gaba, wani lokaci su ne ke karanta sanarwar. Horo yana da tushe a koyarwar ikkilisiya, ban ce a yar da shi ba. Roƙona ga dattawa shi ne su auna da mudu ɗaya, su kuma riƙa zuwa gidan wanda aka hora kafin wata shidan su cika.

Shekara ɗari cif bayan hukuncin farko, taron Lambeth na 1988 ya yarda a yi wa mai mata da yawa baftisma tare da matansa masu bi da 'ya'yansa, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar ikkilisiyar wurin kuma sun amince, ba kuwa za a tilasta masa ya saki kowa ba. Crowther ya fi haka jira. Bayan rasuwarsa Angalika ta yi fiye da shekara 50 ba ta sake danƙa wa baƙar fata ragamar dayosis a Najeriya ba. Sai a watan Yuni na 2014, a majami'ar Kantabari inda aka naɗa shi shekara 150 kafin nan, Akbishop Justin Welby ya tsaya a gaban jama'a ya nemi gafara a kan abin da aka yi masa.