Tarihin Selofen, Ledar da Ake Samu daga Itace

Selofen leda ce shara-shara da ake sarrafawa daga selulos, wato sinadarin da ke ba itace da auduga ƙarfi, kuma masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwizalan, Jacques Brandenberger, shi ya ƙirƙiro ta a Faransa a 1908, yayin da yake neman dabarar hana yadi jiƙewa. Akan narkar da niƙaƙƙen itace da soda mai ƙarfi da sinadarin kabon disalfayid, sannan a tura ruwan mai kauri ta siririyar tsaga zuwa cikin asid, inda yake daskarewa ya koma selulos.

Kamfanin DuPont ya sami izinin yin ta a Amurka a 1923, amma ba ta karɓu sosai wajen naɗe abinci ba sai a 1927, da William Hale Charch ya gano shafen da ke hana laima ratsa ta. Daga shekarun 1960 ledar da ake yi da man fetur ta ture ta saboda araha, kuma wannan babbar asara ce, domin selofen marar shafe tana ruɓewa a ƙasa. Aibinta yana masana'anta, inda kabon disalfayid yake cutar da jijiyoyin ma'aikata.