Dutsen da ke girma: Yadda ruwa ke gina wa kansa magudana a Jamus

A al'ada, ruwa zaizaye ƙasa yake yi ya haƙa kwari. Amma a ƙauyen Usterling da ke kusa da garin Landau, a jihar Bavariya ta kudancin Jamus, akwai wata 'yar maɓuɓɓuga da ta saɓa wa wannan ɗabi'a: tana gudana ne a saman wata siririyar katangar dutse da ita kanta ta gina. Tsawon katangar ya kai kusan mita 40, tsayinta kuma mita 5, kuma masana sun ƙiyasta shekarunta da kimanin 5,000. Mazauna yankin na kiran ta "dutse mai girma", wato wanda bai daina ƙaruwa ba.

Asalin lamarin daga ƙarƙashin ƙasa yake. Ruwan sama kan kwashi iskar kabon yayin da yake tsatsafowa cikin ƙasa, abin da ke ba shi ƙarfin narkar da sinadarin farar ƙasa da ke cikin duwatsu. Da zarar ya ɓullo waje, sai iskar ta fice, sinadarin kuma ya kwanta ya daskare, kamar farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Gansakukar da ke tsirowa a bakin ruwan tana ƙara zuƙe iskar, sinadarin ya lulluɓe ta, ita kuma ta sake tohowa a samansa don neman haske. Da haka gefe biyun ke ɗagawa sannu a hankali, ruwan na bin tsakiyarsu kamar indararo.

Akwai irin waɗannan magudanai a wasu sassan Bavariya, kamar ta Wolfsbronn wadda ta haura mita 100, sai dai ba ta kai ta Usterling tsayi ba.

Dutsen Usterling ya daɗe da shiga tarihin garin, domin an sassaƙa siffarsa a jikin bagaden cocin ƙauyen tun wajajen shekarar 1500. Kuma da taimakon mutane ya kai haka. Dutsen yana da taushi da ƙananan ramuka, don haka ake kwashe ganyayen da ke toshe hanyar ruwan, a lokacin hunturu kuma a karkatar da shi don kada ƙanƙara ta farfasa katangar. An hana masu ziyara hawa kanta, saboda taku ɗaya na iya karya abin da ruwa ya shafe shekaru yana ginawa.