Abin Da Na Gani A Ƙarƙashin Bahar Maliya

Yau na ɗan ajiye labarin soyayya gefe, domin in cika alƙawarin da na ɗauka na ba ku tarihin wata tafiya da na yi ƙasar Sudan a shekarar 2018.

Dalilin tafiyar dai shi ne kakana. Kamar dubban mutanen da, ya bar Kano a ƙasa zai tafi aikin Hajji, yana tafe yana ƙwadago a hanya, har ya isa Sawakin, garin da alhazanmu ke shiga jirgin ruwa su tsallaka Jidda. Daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Mahaifiyata ta rasu da wannan tambaya a bakinta, ni kuma na ɗauke ta na riƙe.

Kuɗina ba su taka kara sun karya ba, ribar littafi biyu ce da na daɗe ina ƙullewa. Don haka da na sauka Kartum sai na nemi motar haya zuwa Fot Sudan, tafiyar wuni guda cur. Ban kama otal ba. Wani dattijo Bahaushe, wanda a can aka haife shi, ya sauke ni a zaurensa, abincina kuwa wake ful da burodi safe da yamma. Hausarsa tsaf take, sai ɗan Larabci da ke faɗowa a ciki. Ba abin mamaki ba ne, domin tun bayan yaƙin Burmi na 1903 mutanenmu suka yi ta kwarara Sudan, har Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu.

Da muka je Sawakin, jikina ya yi sanyi. Gari ne da aka gina da dutsen murjani na cikin teku. Tun da Turawan Ingila suka buɗe sabuwar tashar Fot Sudan a 1909, ciniki ya koma can, gidajen Sawakin suka yi ta rushewa har suka zama kufai. Na zaga maƙabarta, na tambayi tsofaffi, babu wanda ya san sunan kakana. Dattijon ya dafa ni ya ce, "Ɗana, waɗanda ƙasa ta rufe a nan suna da yawa, waɗanda ruwa ya ci ma haka. Ka yi masa addu'a kawai."

Maganar ruwan nan ce ta tsaya mini a rai. Jikansa yana aiki a kwalekwalen da ke kai Turawa nutso, shi ya roƙa mini ragi. Ni da ko a kududdufin unguwarmu ban cika shiga ba! Aka wuni ana koya mini a ruwa marar zurfi: a goya maka tukunyar iska a baya, ka sa tiyo a baki, ka rufe ido da hanci da gilashi. Babbar doka ita ce kada ka riƙe numfashi, domin a zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na bakin teku sau biyu, in ka taso da iska a ƙulle a ƙirji huhu na iya fashewa.

Washegari aka kai ni wurin wani jirgi mai suna Umbria. Jirgin Italiya ne, ya taso a 1940 ɗauke da bamabamai kimanin 360,000 da siminti da motocin Fiat, zai kai Iritiriya. Sojojin ruwan Ingila suka tsare shi kusa da Fot Sudan da sunan bincike. Kyaftin ɗin, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu. Maimakon makamai su faɗa hannun abokan gaba, sai ya sa yaransa suka buɗe wa ruwa hanya a ɓoye, jirgi ya nutse. Yana kwance a kan gefensa, ƙasansa ya kai zurfin mita 38, amma samansa na kusa da fuskar ruwa. Iya nan sabon shiga irina ya tsaya, malamin na riƙe da hannuna. Wallahi jama'a, ƙarfe ya zama lambu. Murjani ya lulluɓe shi, kifaye ja da rawaya suna shiga suna fita ta tagogi, babu abin da nake ji sai numfashina.

A kan hanyar dawowa aka ba ni labarin Sha'ab Rumi, can arewa da mu. A 1963 Bafaranshen nan Jacques Cousteau, wanda shi da Emile Gagnan suka ƙera wannan na'urar numfashi a 1943, ya kafa gida a ƙarƙashin ruwa a wurin, mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10. Aljihuna bai kai ni can ba.

Abin da ya dame ni shi ne wannan. An san sunan kyaftin, an san yawan bamabamansa, amma alhazanmu da suka ratsa wannan teku a jiragen katako babu wanda ya rubuta sunayensu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya ƙara tarwatsa tsofaffin da suka riƙe labarin. Mu marubuta, in akwai dattijo a gidanku da ya san tafiyar ƙasa, ku zauna da shi tun yana raye.

Ban sami kabarin kakana ba, amma na yi masa fatiha a kan ruwan da ya nufa. Allah ya jiƙansa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.