Cutar noma: abin da likitan haƙori ya kamata ya riƙe

Cutar noma, wadda littattafan likita ke kira cancrum oris, ruɓewa ce mai saurin gaske da ke farawa a dasashi, sannan ta cinye kunci, leɓe, hanci da ƙashin muƙamuƙi. Sunan ba shi da alaƙa da noman gona, ya fito ne daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar cinyewa. A ƙasar Hausa wasu na ce mata zaizayar baki, wasu ciwon iska. Likitan da ke shirin jarrabawar ƙwarewa a fannin haƙori ba zai tsallake ta ba, musamman idan a yankin Sahel zai yi aiki.

Wa take kamawa?

Ta fi kama yara masu shekara 2 zuwa 6, wato lokacin yaye da bayansa. Babban abin da ke buɗe mata ƙofa shi ne tamowa, sai rashin tsabtar baki da cututtukan da ke raunana garkuwar jiki kamar ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro da kanjamau. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙwayoyin cuta iri-iri ne ke haɗuwa a ciwon, kuma waɗanda aka fi ambata su ne Fusobacterium necrophorum da Prevotella intermedia.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum 140,000 ke kamuwa a kowace shekara, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. A watan Disamba na 2023 hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Matakan cutar

Mataki na 0: kumburin dasashi na yau da kullum, yana jini idan an taɓa. Wannan alamar gargaɗi ce.
Mataki na 1: dasashi ya yi gyambo, yana zafi da jini, baki na wari sosai.
Mataki na 2: kunci ko leɓe ya kumbura, ga zazzaɓi, yaro ya kasa cin abinci.
Mataki na 3: nama ya mutu ya yi baƙi, kunci ya huje, haƙora da ƙashi na iya fitowa fili.
Mataki na 4: ciwo ya fara tabo, baki ya fara ƙin buɗewa.
Mataki na 5: nakasa ta zauna a fuska, cin abinci da magana sun yi wuya.

Abin lura shi ne, daga kumburi zuwa hujewar kunci kwanaki kaɗan ne kawai. Galibi gefe ɗaya na fuska take kamawa, kuma ɓarnar da ke cikin baki ta fi wadda ake gani a waje faɗi. Saboda haka duk yaro mai tamowa da ya zo da kumburin fuska da warin baki, sai an buɗe bakinsa an duba. A bambanta ta da ƙurjin tushen haƙori, da gyambon baki na herpes, da kansar Burkitt wadda ita ma ke kumbura muƙamuƙin yara.

Magani

A matakan farko ana shawo kanta da abubuwa masu araha: amoxicillin haɗe da metronidazole, wanke baki da chlorhexidine ko ruwan gishiri mai ɗumi, ƙarin ruwa a jiki, abinci mai gina jiki, da maganin cutar da ke tare da ita. Daga mataki na 2 lamari ne na gaggawa, a kai yaro asibiti nan take. A mataki na 3 ana cire mataccen nama da haƙoran da suka saki, ana wanke ciwon kullum. Tiyatar gyaran fuska kuwa sai ciwo ya lafa, tabo ya zauna, yaro ya murmure. Kafin nan ana motsa muƙamuƙi a kai a kai don kada ya ƙage.

Asibitin noma na Sakkwato, wanda aka kafa a 1999, da cibiyar ƙungiyar Sentinelles da ke Damagaram suna cikin wuraren da aka sani da kula da masu wannan cuta. Rigakafinta shi ne shayar da nono, allurar ƙyanda, abinci mai kyau lokacin yaye, da duba bakin yaro duk lokacin da ya yi rashin lafiya.